Wayar Narayi Ba Ta Shiga

Talata, 4 ga Yuni, 2002, bayan Magariba

Ruwan jiya da iskarsa sun kayar da turken eriyarmu na reshen Narayi. Vicky, mai karɓar oda a reshen, ta ce da ta zo da safe ta tarar da shi kwance a kan katangar maƙwabta, ya lanƙwashe. Ta wannan eriyar ce kwamfutocin Narayi ke magana da babban ofishinmu na Kakuri, kuma ba a fitar da ko buhun taki ɗaya daga sito sai Kakuri ta ce e, akwai shi. Ga damina ta kankama, manoma sun yi layi tun daga bakin ƙofa.

Amma aiki bai tsaya ba. A watan Maris na haɗa wa rautar Narayi modem, ɗan na'urar da ke sa kwamfuta magana ta layin waya. Rauta ita ce akwatin da ke zaɓar wa saƙo hanyar da zai bi. Na jona modem ɗin da wayar tebur ta reshen, na tsara mata cewa duk ranar da eriya ta mutu ta buga wa Kakuri waya da kanta, ta aika abin da za ta aika, ta ajiye. A lokacin Oga Ernest, shugaban sashenmu, cewa ya yi ina ɓata wa kamfani lokaci da wasan yara. Yau da ƙafarsa ya zo teburina, ya dafa kafaɗata ya ce, "Zakari, you try. Ka fitar da mu kunya." Tun da na fara aiki a ƙarƙashinsa, yau ne ya fara yi mini magana fuskarsa a sake.

Na tsaya a Makera na sayo wa matata Hajara balangu. Da cikin nan nata ya tsufa ba abin da take so, ta ce ƙamshin yana tayar mata da zuciya. Ni na cinye.

Alhamis, 6 ga Yuni, da rana

Narayi na tafiya lafiya. Masu turke sun ce sai an kawo kaya daga Legas.

Asabar, 8 ga Yuni, da yamma

A taron safe Oga Ernest ya gaya wa manya cewa "mun hango" irin wannan matsalar tuntuni, shi ya sa "muka shirya". Ina zaune a baya ina gyaɗa kai. Allah ya ƙara mana hangen nesa, ni da shi.

Talata, 11 ga Yuni, bayan La'asar

Da ma ban je Narayi yau ba.

Na je ne kawai in ga inda za a kafa sabon turke. Yunwa ta kama ni, na zauna a rumfar matar da ke sayar da shinkafa da wake a bakin ƙofar reshen. Celina sunanta, amma kowa Maman Samson yake ce mata. Doguwa ce, ba ta da yawan fara'a, kuma ba ta ƙwauron miya. Na lura duk ludayin da za ta zuba sai ta waiwaya ta kalli tagar ofis.

Ta ce, "Kai ne injiniya daga Kakuri?"

Na ce, "Ni ne, Mama."

Ta ce, "To ka taimake mu da wayan nan. Tun ranan iska bai yi ƙara ba ko sau ɗaya."

Na shiga na tambayi Vicky. Ta ɗaga kafaɗa ta ce, "Ruwa ne ya shiga, Injiniya. Every year haka yake. In ka ɗaga sai ka ji shuuu. In ruwa ya ɗauke zai gyaru da kansa." Shi ya sa ba wanda ya kai ƙara, ba wanda ya ko gaya mini. Wa zai kai ƙarar damina?

Na ɗaga kan wayar na kara a kunne. Na san wannan shuuu ɗin. Ba ruwa ba ne. Modem ɗina ne a kan layi. Tun ranar iskar bai sauka ba, in ma ya yanke nan take yake sake bugawa. Duk wanda ya kira lambar nan daga waje, engej zai ji, wato wani na kan layi.

Ga abin da ban sani ba, kuma ba littafin da ya gaya mini. Wayar nan ba ta kamfani kaɗai ba ce, ta unguwar ce gaba ɗaya. Tun kafin a ɗauke ni aiki wani tsohon manaja ya bar mutane suna ba wa 'yan uwansu na Kagoro da Zonkwa da Legas lambar. In an kira, Vicky ta leƙa ta taga ta ƙwala wa mai ita kira, ko ta aika a taso shi. Haihuwa, rasuwa, ranar biki, duk ta nan suke shigowa. Wayar hannu ta shigo gari, amma wa ke da ita a Narayi in ba 'yan kwangila ba? A littafin da na koyi aikin nan an zana layin waya ɗaya, a ƙarshensa modem, babu mutum ko ɗaya a cikin zanen.

Na ce wa Vicky zan duba. Ban gaya mata abin da na ji ba. Shinkafar ma ban ƙarasa ba.

Laraba, 12 ga Yuni, da safe

Kowa yana ɗakin maigadi ana kallon ƙwallonmu da Ingila. Ni kaɗai ne a ofis, kuma na gano dalilin.

Rautocinmu ba da hannu nake nuna musu hanya ba. Akwai tsarin da suke koya wa juna, OSPF, kuma tsarin yana da ladabin da ya wuce kima. Duk bayan sakan goma sai kowace ta gai da maƙwabciyarta: ina nan, kina nan? In gaisuwa ta yanke sai ta ɗauka maƙwabciyar ta mutu, ta goge duk hanyar da ta koya daga wurinta. Ni kuma na ce wa rautar Narayi, in layi ya yi shiru na ɗan lokaci ki ajiye waya. Ban ware mata abin da ya isa a buga waya dominsa da abin da bai isa ba. Ita kuwa ta ɗauki gaisuwar nan a matsayin saƙon gaske. Layin da ake gaisawa a kansa ba dare ba rana, yaushe zai yi shiru? Kamar mata biyu a bakin famfo, sun cika bokiti tuntuni, ga mutane a bayansu, su kuwa gaisuwa ba ta ƙare ba.

Ranar da na gwada a Maris na ga ta buga, na ga saƙo ya wuce, na tafa wa kaina na tattara kayana. Ban tsaya na ga ko ta ajiye ba.

An tashi ƙwallon ba ci. Suna fitowa suna tsaki.

Laraba, bayan Magariba

Na koma Narayi da yamma. Ban san me ya kai ni ba, ba ni da aiki a can yau. Na tarar da Maman Samson tana wanke kwanoni, na zauna a bencinta. Ban tambaye ta ba, ita ta fara.

"Samson ɗana ne, shi kaɗai ne namiji. Shekara shida yana masaƙa a Kakuri, aka sallame su da Kirsimeti. Ya zauna a gida, ni ina ba shi abinci, shi yana ba ni baƙin rai. Ran nan muka yi faɗa. Na ce masa, sa'o'inka suna Libiya suna aiko wa iyayensu, kai kana nan kana cinye mini jari. Da bakina na faɗa."

Ƙarshen watan jiya ya ɗauki jaka, shi da abokinsa Nathan. Sun ce za su tsaya a Damagaram su yi leburanci su haɗa na mota, don haka ba ta san ranar da za su kai Agadas ba. A bakin ƙofa ya ce mata, "Mama, kafin in hau motan sahara zan kira ki a wayan ofis. In kin ce in dawo, zan dawo." Ita kuma ta ce masa kada ya wahalar da kansa.

Bayan tafiyarsa aka kawo labarin wani yaron cocinsu, ɗan Kamazou, da motarsu ta lalace a cikin yashi. Ko takalminsa ba a kawo wa uwarsa ba.

Ta kife kwano ta ce, "Malam Zakari, kalma ɗaya nake so in gaya masa. Dawo. Shi ke nan. In ya dawo ya ci abinci na har in mutu."

Lambar ofis kaɗai ya sani. Ko wayar hannu na saya mata yau, ba ta da hanyar gaya masa.

Na ce mata gobe zan gyara wayar, in sha Allahu.

Alhamis, 13 ga Yuni, bayan Isha'i

Kaina kamar zai tsage, amma gara in rubuta.

Na isa Narayi kafin a buɗe. Ban gaya wa kowa ba. Na rubuta wa rauta cewa gaisuwa ba saƙo ba ce, kada ta riƙe layi dominta. Jim kaɗan modem ya yi ɗis, ya sauka. Na ɗaga kan waya na ji sautin layi fes. Saura kaɗan in yi rawa.

Vicky ta buga odar farko. Kwamfuta ta tsaya tana kallonta, ita ma tana kallon kwamfuta.

Sai a lokacin na ga ramin da na haƙa. Da layi ya sauka gaisuwa ta yanke. Da gaisuwa ta yanke rauta ta goge hanyar Kakuri. Oda ta zo ba ta ga hanyar da za ta bi ba, ba ta ma kai ga modem ba balle ya buga. Sai an buga waya a koyi hanya, kuma sai an san hanya a buga waya. Ina cikin neman mayarwa aka ɗauke wuta, janareta ya ƙi tashi, da ya tashi, cikin gaggawa na ƙara dagula abin. Manoman da suka yi hayar a-kori-kura daga Kujama suna tsaye a rana, direbobinsu na danna hon. Wani dattijo ya leƙo ta taga ya ce, "Yaro, ka san gona ba ta jira ko?" Har bayan Azahar ba a fitar da buhu ɗaya ba.

Abin haushi, da wayar da na 'yantar ne manajan reshe ya kira Kakuri ya kai ƙarata. Layi fes, ba ko shuuu.

Oga Ernest ya zo Narayi da kansa ya wanke ni tas a gaban mutane. "Who send you? Abu yana aiki, ka je ka taɓa. Ka manta ba a tabbatar da kai a aiki ba tukuna? Ƙarshen watan nan ne fa. Mayar da shi yadda yake, and no touch am again sai na ce."

Na ce, "Oga, wayar mutane ce. Akwai mai jiran kira."

Ya ce, "Wayan kamfani ne. In suna son waya su je su saya."

Da zan fita ban bi ta gaban rumfa ba, na zaga ta bayan sito.

Juma'a, 14 ga Yuni, bayan masallaci

Na mayar da shi yadda yake.

Asabar, 15 ga Yuni, da yamma

Na gaya wa Vicky gaskiya, ita kaɗai. Ta kalle ni ta ce, "So ba ruwa ba ne." Na ce ba ruwa ba ne. Na nuna mata igiyar da za ta zare a bayan modem lokacin hutun rana, ta mayar kafin a dawo. Ko rabin awa ne, wayar ta samu ta numfasa. Ta ce za ta yi in manaja ba ya nan. Ta kuma ce, "Kada ka gaya wa Mama. In unguwan nan suka ji, ba za ka ƙara shiga Narayi da ƙafanka ba." Ban san ko don ni ta faɗa ba ko don kanta, amma na ji daɗin jin an hana ni abin da da ma ba ni da niyyar yi.

Litinin, 17 ga Yuni, da rana

Akwai tsofaffin rautoci biyu a ɗakin ajiya na Kakuri, ƙura ta rufe su. Na sauko da su, na jona su da layukan waya biyu na ofis, ɗaya Kakuri, ɗaya Narayi ta ƙarya. Ina kashewa ina kunnawa kamar mahaukaci. Ko abincin rana ban fita ba.

Talata, 18 ga Yuni, bayan La'asar

Na samu.

Hana gaisuwa riƙe layi daidai ne, rabin aikin ne kawai. Ɗaya rabin shi ne in rubuta wa rauta hanya ɗaya da hannuna, hanyar ko-ta-kwana, wadda ke nuna modem kai tsaye. Sai in ƙasƙantar da darajarta, yadda muddin akwai hanyar da aka koya ba za a kalle ta ba. Ranar da waccan ta ɓace sai wannan ta taso. Oda ta zo, ta ga hanya, modem ya buga, saƙo ya wuce, layi ya yi shiru, a ajiye. Na gwada har na gaji, bai ƙi ko sau ɗaya ba.

Na kira Oga Ernest ya gani da idonsa. Ya tsaya hannu a aljihu ya kalli fitilun suna kunnuwa suna mutuwa. Ya ce, "Fine. Amma ba wannan satin ba. Ƙungiyoyin manoma suna kwasan taki har Asabar. Monday ka je ka yi."

Na ce, "Oga, ba zai ɗauki lokacin shan shayi ba."

Ya ce, "Haka ka yi tunani ran Alhamis ma." Ya juya ya tafi.

Ban ga laifinsa ba. Ina so in ga laifinsa, amma ban gani ba.

Laraba, 19 ga Yuni, bayan Magariba

Na kwashe komai na gaya wa Hajara. Tana zaune a tabarma ta miƙe ƙafafu, sun kumbura har ba sa shiga silifas. Ta saurara har na gama, ba ta katse ni ba.

Ta ce, "Ka tabbata wannan karon zai yi?"

Na ce, "Na tabbata."

Ta ce, "To in ka tabbata, wa zai sani?"

Na ce manajan reshe zai sani da zarar waya ta yi ƙara.

Ta shafa cikinta. Can ta ce, "Malam, ka ga yadda ake sallamar mutane a Kakuri. Maƙwabcinmu da digirinsa yana acaɓa. Kwana nawa ne ya rage Litinin ɗin? Ƙila ma yaron bai bar Damagaram ba."

Na ce ƙila. Na maimaita kalmar a raina har na ji ta zauna.

Alhamis, 20 ga Yuni, bayan La'asar

Na je Narayi da sunan duba janareta. Kwamfutar aiki tana cikin jakata, abin da zan rubuta yana kaina, layi biyar ne kacal. Na shiga ɗan ɗakin da rauta take, na jona igiya, na zauna. Ta taga ina ganin buhuna suna fita a kan mutane, manaja yana tsaye da hula a hannu yana ƙirga. Ta ɗaya gefen ina ganin bayan Maman Samson, tana zuba wa wani abinci tana waiwaye.

Na rubuta layin farko. Na goge.

Vicky ta shigo ta rufe ƙofa ta ce, "Injiniya, sorry, tun jiya ban iya zarewa ba. Ba hutu sam, kuma oga ya kusa kama ni ran Talata." Na ce ba komai, Litinin ta kusa.

Na zare igiyata na mayar da kwamfuta jaka. Janareta lafiyarsa lau.

Juma'a, 21 ga Yuni, da yamma

Ban je Narayi ba.

Asabar, 22 ga Yuni, da rana

Ruwa tun safe. Kwanon ɗakinmu yana yoyo daidai kan gado, na ja gadon na ajiye roba. Ya kamata in yi wa mai gida magana. Ya kamata in je Trikania in ga ragon da aka ce mini, kafin haihuwa ta zo ba shiri. Ya kamata in sayi sabon kwan fitila na tsakar gida. Hajara ta ce tun jiya ina amsa tambayar da ba a yi mini ba. Ban je Narayi ba.

Lahadi, 23 ga Yuni, bayan Azahar

Gobe.

Litinin, 24 ga Yuni, bayan La'asar

Na yi. Ruwan shayin da Vicky ta ɗora bai tafasa ba na gama.

Modem ya sauka. Ta buga oda, ya buga waya, Kakuri ta amsa, ya sauka. Ta sake, haka. Manaja bai ma san an yi wani abu ba sai da wayar ta yi ƙara wajen hantsi, ya zabura ya ce, "Ah, ruwan ya fita?" Vicky ta ce ya fita, sa.

Kiran farko na wani tela ne, ƙanwarsa ta haihu a Kafanchan, har an yi suna. Na biyu na wata tsohuwa ce, an binne yayanta a Zonkwa tun satin da ya wuce, sun yi ta neman ta ba su samu ba. Ta fito tana share ido da bakin zani, ta wuce ni tana cewa Allah ya isa tsakaninta da damina.

Maman Samson ta jawo bencinta ƙarƙashin taga. Duk ƙarar da aka yi sai ta miƙe da ludayi a hannu, Vicky ta girgiza mata kai, ta zauna.

Talata, 25 ga Yuni, da yamma

Wayar ta yi ƙara da yawa yau. Babu na Maman Samson.

Laraba, 26 ga Yuni, da yamma

Na ce wa Oga Ernest ina zuwa Narayi kullum don in sa ido a kan sabon tsarin. Ya ce good. Tsarin ba ya buƙatar ido.

Alhamis, 27 ga Yuni, bayan Magariba

Ina ciki aka kira, kafin Azahar. Vicky ta ɗauka, ta saurara, ta leƙa ta taga ta ce, "Mama, naki ne."

Ta shigo da gudu, ludayin yana hannunta. Ta karɓa ta ce, "Samson? Samson, dawo. Ka ji? Dawo." Ta saurara. Na ga fuskarta ta sauya. Ta cire wayar daga kunne ta miƙo mini ta ce, "Ɗana, ji mini. Nathan ne. Muryan yana nesa, kunnena ba ya ɗauka."

Na karɓa. Nathan ne, abokin tafiyar Samson, yana kira daga Maraɗi a kan hanyarsa ta dawowa gida. Na gaya masa ni ma'aikacin ofis ne, Mama tana gefena.

Ya ce, "Oga, me ya samu wayanku? Mun kai Agadas ran Laraba. Alhamis mun kira, Juma'a mun kira, Asabar mun kira. Da safe, da rana. Mai shagon waya har ya gaji da mu. Engej, engej, engej."

Na ce ina ji.

Ya ce, "Samson ya ce Mamansa ne ta sa aka ɗage kan wayan, ba ta so ta ji muryansa. Na ce ba haka ba ne, ya ce kai ka san ta ne? Shi fa so yake ta ce ya dawo. Ni na sani. Ran Lahadi da safe ya hau. Ni da na ga yadda aka loda mutane a kan kaya, kowa da jarka ɗaya, ƙafana ya ƙi. Ya ce in na samu Mama in gaya mata ta yafe masa abincin da ya ci."

Layin ya yanke. Ban sani ba ko kuɗinsa ne ya ƙare.

Tana kallon bakina. Na ce, "Mama, ya ce sun yi ta kira ba ta shiga ba. Samson ya wuce ran Lahadi. Lafiyarsa ƙalau lokacin da ya hau mota."

Ta ce, "Shi ke nan abin da ya faɗa?"

Na ce, "Shi ke nan."

Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Bai ce ko ya ci abinci kafin ya hau ba?" Na ce bai faɗa ba. Ta gyaɗa kai, ta fita, ta rufe tukwanenta da rana tsaka, ga masu jiran abinci a zaune. Vicky ba ta kalle ni ba har na tafi.

Alhamis ɗin da suka fara kira nake zaune a ɗan ɗakin nan da igiya a jone.

Juma'a, 28 ga Yuni, bayan masallaci

An tabbatar da ni. Oga Ernest ya miƙo mini hannu ya ce na koyi haƙuri, kuma haƙuri shi ne rabin aikin injiniya. Na ce na gode, Oga.

Hajara ta yi hamdala, ta ce a dafa kaza. Muna ci ta ce, "Af, yaron matar nan ya kira kuwa?" Na ce abokinsa ya kira. Ta ce, "To?" Na ce gishirin miyar nan ya yi yawa. Ta ajiye cokali, ba ta sake tambaya ba.

Asabar, 29 ga Yuni, da rana

Nathan zai iso Narayi cikin satin nan. Zai gaya mata sauran da bakinsa.

Litinin, 1 ga Yuli, bayan La'asar

An kafa sabon turke, dole na je in haɗa eriya. Ta kama, hanyar da aka koya ta dawo, tawa ta hannu ta koma ta kwanta. Modem ba shi da sauran aiki. Wayar ta zama ta mutane daga safe har a tashi.

Na so in zaga ta bayan sito, Maman Samson ta riga ta gan ni. Ta buɗe rumfa yau. Ta rame, ko ni ne nake ganin haka. Ta zuba mini shinkafa da nama biyu, na sa hannu a aljihu ta riƙe hannun.

Ta ce, "Kada ka ɓata mini rai. Kai kaɗai ne ka damu da wayan nan. Kamfanin waya ba su zo ba, manaja bai kula ba, kai ne ka yi ta zuwa har aka zage ka saboda ni. Vicky ta gaya mini an zage ka. Da ba ka gyara ba ko wannan labarin ba zan ji ba. Allah ya yi maka albarka, ya sauki matanka lafiya."

Na ce amin. Bakina ne ya faɗa.

Ta zauna a ƙarƙashin taga, ta gyara zani. Ta ce, "Malam Zakari, kai ka san aikin. In ya kai can Libiya ya kira, zai shiga ko? Ba zai yi engej ba?"

Na ce, "Za ta shiga, Mama. Daga ko'ina aka kira za ta shiga."

Wannan kam ba ƙarya na yi mata ba. In akwai mai kiran, za ta shiga.